Tattakin Tsibiri

Likita ce ta sa ni cikin masu ƙiba da ke koyon motsa jiki da tsarin cin abinci, don ni idan ci ya taso mini ba na iya tsayawa. Ta ce, "Alhaji, kada ka zauna da yunwa, ita ke tayar da ciwon cin nan naka." Na ce a raina, yarinya ba ta san maza ba.

Ranar da za mu yi tattaki a hanyar Tsibiri na ƙi karyawa, na wuce gaba ina ce wa sauran, "Ku biyo ni a hankali."

Sai ƙamshin masa ya tare ni. Na ce biyu kawai zan ci. Ban san lokacin da na share tanda ba. A nan likita da sauran suka iske ni durƙushe bayan rumfa, hannu duk mai, mai masa tana roƙona, "Bawan Allah, rage wa ƴan makaranta."

Likita kaɗai ba ta yi dariya ba. Kabu-kabu ya mai da ni gida, ina share hawaye da hula. Har yau in na ratsa Sabon Gari sai wani ya ɗaga murya, "Ku rufe masa, ga Alhaji nan!"