Murfin Akori-Kurata

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na sayi akori-kura, Fijo ta hannu, lokacin masaƙun Kakuri na ci kamar wuta. Dilolin atamfa nake ɗaukar wa 'yan kasuwa, kuma wallahi ji nake duk Kaduna ba mai mota sai ni. Damuwata ɗaya ce, bayanta a buɗe yake, ga ɓarayi ga ruwan sama.

Aka ce in sa tamfal, na ce reza ɗaya ta gama da shi. Sai na nufi wajen Baba Yohanna mai walda, na zana masa abin da nake so a ƙasa: murfin ƙarfe dogo, gajeren tsayi, ba taga ko ɗaya, ƙofa ta baya da kwaɗo. Fenti kuma fari fat.

"Malam, amma fa wannan zai yi kama da..."

"Baba, yi aikinka kawai!" (Ni da ban taɓa riƙe guduma ba.)

Ranar da na karɓo ta, kai! Sau nawa na zagaya unguwarmu Makera ba dalili, ina ta washe baki. Ana haka abokina Sani ya roƙe ni in kai lefensa Tudun Wada. Lefen da ya daɗe yana tarawa, ga iyayen yarinyar dama ba su gama sakin jiki da shi ba. Na bugi ƙirji na ce ko ƙuda ba zai taɓa akwatunan ba.

Muka kulle kaya, Gwaggon Sani ta zauna a gaba, sauran mata suka biyo mu a tasi. Don kada turare ya fashe, na riƙa tafiya a hankali. Don a san manya na tafe kuma, na kunna fitilu da rana tsaka. Na ga mutane na miƙewa tsaye a bakin hanya, wani har ya cire hula. Na ce, "Gwaggo, kin ga yadda ake girmama mota?"

Abin da ban sani ba, kakan amarya na kwance a asibiti.

Muna tsayawa a ƙofar gidan, wata mata ta leƙo, ta ɗora hannu a ka: "Wayyo Allah, sun kawo gawar Baba!" Kafin in kashe mota gida ya rikice da kuka. Maƙwabta suka fito da tabarmi, uwar amarya ta zube a zaure. Ni kuwa na fito da gudu ina ɗaga makulli ina cewa, "Ku kwantar da hankalinku, yana ciki lafiya lau, na kulle shi da kyau!" (Lefen nake nufi, jama'a.)

Gwaggo ta fizge makullin ta buɗe, sai ga akwatuna. Ta juyo ta ce da ni, "Ɗan nan, Allah ya shirye ka." Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Da ƙyar da ban baki aka karɓi lefen nan, aka ɗaura aure, kakan ma ya warke ya ci goronsa. Amma daga ranar ba wanda ya sake kiran motata biki. In dai aka yi rasuwa a Makera, ƙofata ake fara bugawa. Na dai koyi cewa in ka gama rufe kayanka don ɓarawo, to ka ja da baya ka kalle su da idon maƙwabta.