Rasuwar Ɗan Ja, Dutsen Leza na Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba tukuna, ɗalibar nan da kowa ke kira Saura-Ƙiris take sanar da rasuwar abokin aikinta Ɗan Ja, dutsen da ke cikin na'urar haske ta leza, mai tsawon ɗan yatsa. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburin da ya shekara shida bai motsa daga kansa ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Abincinsa haske: a ɗura masa shi da fitila, ya mayar da shi siririn zare ja, miƙaƙƙe sambal. Ba a taɓa jin ƙorafinsa ba, sai "tak, tak" na fitilarsa da "zuuu" na famfon da ke sanyaya shi.

Ciwonsa ba ɓoyayye ba ne. In ɗurar ta yi yawa, tsakiyarsa kan fi gefensa zafi, ya shiga karkatar da haske kamar gilashin tabarau. Auna wannan karkatarwa shi ne karatun digirinta na uku gaba ɗaya. Babi huɗu ta rubuta a kai! Wa ya kai ta sanin iyakarsa? Amma awo ɗaya ya rage, a ƙarfi mafi girma, ga masu jarrabawa za su iso Alhamis. Ta ga zaren ya fara rawa, ta san ma'anarsa sarai, ta ƙara murɗa makunnin fitilar. Garin gyaran gira aka rasa ido. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙas", ya tsage gida biyu. Ta tsani hannunta na dama tun daga ranar.

Ya rasu ya bar madubai biyu da suka saba sa shi a tsakiya, yanzu suna kallon juna ba kowa a tsakani, da famfo mai kukan banza, da babi na biyar, maraya tun bai yi baki ba. Ana roƙon masu ta'aziyya su daina cewa a kawo wani. Sabo sai ya yi wata tara a hanya, kuma kowane dutse da halinsa, awon shekara shida sai dai a faro daga farko.

Za a yi masa sutura da takardar goge madubi, a sa shi a akwatin da ya zo a ciki. Jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a ƙaramin zauren da aka keɓe mata don kare digirinta, tunda kujerun suna nan a jere.

Mahaifinta, wanda tun bara yake kiranta Dakta a gaban maƙwabta, ba a gaya masa ba. Duk wanda ya gamu da shi, don Allah ya amsa masa yadda ya saba, a bar shi zuwa Alhamis.