Fata Na Ce, Ba Sata Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Waya na Kunnen Gari, uban dogayen ƙarafan sabis, Allah ya ƙara maka tsawo.

Bayan gaisuwa da fatan alheri (da "f" na rubuta, a duba da kyau), ranar Talata da safe na je Dingaya gaida Malam Ɗan'azumi, mahaifin Hadijatu da nake nema. Yana hango ni ya miƙe da tsufansa, ya kora awakinsa cikin gida, ya dawo ya sa wa babur ɗinsa kwaɗo, sannan ya amsa sallamata.

Ashe a waya ya tambaye ni sana'ata, na ce fata, don fatun awaki nake saye a kasuwannin Gwaram. Layinku mai albarka ya kai masa "sata". Har na ƙara da cewa gado na yi wurin kakana.

Jafaru mai gyaran waya a Birnin Kudu ya warware mini. Wai ba kwa ɗaukar murya dukanta. Kuna yanke samanta da ƙasanta, tsakiyar ma tsinta kuke yi jefi-jefi, kamar mai sayen gero da ke zura hannu a buhu. Wai bambancin "fa" da "sa" yana can saman da kuke zubarwa, sai kunnen mai saurare ya cike gurbin da abin da ya ga dama. To ga kokena:

1. Ranka ya daɗe, wa ya ba ku izinin yi wa muryata aski? Ni da na ba ku ita cikakkiya?

2. Saman da kuke yankewa, ina kuke tarawa? In akwai rumbu, a duba mini nawa, ina da buƙatarsa kafin Juma'a, ranar da Malam zai ba iyayena amsa.

3. Me ya sa saƙon da kuke turo mana na tallan waƙa yake zuwa garau, ko harafi bai taɓa faɗuwa a hanya ba? Ko shi a gaban mota yake zama, mu a saman kaya?

Ni mai haƙuri ne, jimar fata ta koya mini jira. Roƙona ɗaya: ka hau babur ka zo Dingaya, ka faɗa wa Malam da bakinka. Don Allah kada ka kira shi a waya. Kana cewa gafara kake nema zai ji gasara, ya aiko maka da koko.

Wanda bai yarda da zancen awakin ba ya tambayi Ɗanbala mai shayi da Ahmad ɗan acaɓa, suna wurin. Hadijatu ma ta gani ta katanga, ita ce ta riƙe wa Malam igiyar awakin a cikin gida.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Maikuɗi Sulaimanu, mai sayen FATA,
Kwandiko, Gwaram.