Farantin Ɗanɗano Mai Gida Uku Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi daidai gwargwado, ni Basant ta sashen binciken kasuwa nake sanar da ku, ma'aikatan kamfaninmu na alawar riɗi a garin Tanta na Masar, rasuwar farantin tangaran mai gida uku. Kada wani ya ce bai sani ba. Wata huɗu yana tokare da ƙofar ofis, kuna tsallake shi kuna kau da kai.

Marigayi ya shekara goma sha ɗaya yana fita kasuwa. A zuba masa alawa iri uku ba suna, a miƙa wa masu wucewa, a ja da baya. Da yamma a duba gidan da aka sude da wanda aka bari. Bai taɓa tambayar kowa komai ba. Abin da muka taɓa ji daga gare shi kawai shi ne ƙwal-ƙwal ɗin cokali.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da shugabanmu Ustaz Refaat ya kawo takardar tambayoyi, wai ita ce zamani. Ni ma na karanta ta a jami'a. Amma a garin nan wa zai dubi idon wanda ya ba shi abu kyauta ya ce babu daɗi? Tara cikin goma suka rubuta cewa sabuwar alawarmu mai lemo ta yi. Aka kira mutane ta waya, suka sa mana albarka har da iyayenmu. Aka tara mata takwas a ɗaki, duk suka bi bakin Hajja Fathiyya don ita ce babba. Da na raka ta titi ta ce, "'Yata, Allah ya yi wa hannuwanku albarka," sannan ta juye wa wata kyanwa alawar da aka ba ta. Kyanwar ta sansana ta wuce.

Ranar Talata iska ta bugo ƙofa, marigayi ya rabu uku.

Ya bar cokula shida, da tsumma ɗaya, da mu arba'in da za mu rasa aiki idan aka fara dafa alawar nan ranar Asabar bisa shaidar takarda.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan azahar, a kwandon bayan ɗakin girki. Amm Shahat mai shara ne zai ɗauki gawa. Ba a karɓar gaisuwar baki. Kowa ya zo da faranti daga gidansa, ana gamawa mu wuce kasuwa da alawar mai lemo, mu gwada ta yadda marigayi ya saba. Ustaz Refaat, kai za ka shige gaba.