Ranar da na rungume gora a gulbin Argungu

Akwai ranar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita, ko da na so, kuma Allah ya sani na so ɗin. Wata Asabar ce cikin hutun makaranta, na kwashi iyalina daga Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, zuwa Argungu don in nuna wa 'ya'yana abin da ni kaina ban taɓa gani ba.

Ga yadda abin ya faro. 'Yata Nana tana aji biyu a firamare ta zo gida da littafi mai hoton kifin whale, ƙaton nan na teku mai fesa ruwa ta tsakar ka. Ta ce, "Baba, da ka je Legas ka gan shi?" To, na taɓa zuwa Legas sau ɗaya, ofis ya tura mu bita ta kwana uku, kuma na ga teku (ta tagar bas, muna bisa gada). Amma yarinyar ta ɗago ido tana kallona kamar babu abin da ya fi ƙarfina a duniya. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Sosai ma."

Ita ƙarya ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Kafin wata ya ƙare na shiga jirgin ruwa, kifin ya fesa min ruwa a riga. Kafin wani watan na yi iyo a gefensa. Nana ta kai labarin ajinsu, ƙanenta Bashir mai shekara huɗu ya haddace shi kamar karatun allo. Matata Rabi tana ji, ba ta taɓa tanka min ba, sai dai ta yi murmushi ta ci gaba da abin da take yi. Ita haifaffiyar Argungu ce, gidansu masunta ne kaka da kakanni, ta san ko a baho ba na son ruwa ya wuce min gwiwa.

Da hutu ya zo yaran suka tasa ni gaba, sai an kai su teku. Na ce Legas da nisa, amma ƙananan kifin sukan biyo gulbi su ɓullo Argungu. Rabi ta kalle ni, ta ce, "Baban Nana, ka dai ji tsoron Allah." Na ce ai wasa ne, su sha iska su ga dangi.

Da hantsi muka isa. Kawunta, Kawu Ɗanjumma, dattijo ne siriri marar yawan magana, shi ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Ya zaunar da Rabi da Nana a tsakiya, ni a gaba, ya ɗora min Bashir a cinya ya ce, "Malam, riƙe shi da kyau." Kusa da ƙafata akwai ƙatuwar gora irin wadda masunta ke kwanciya a kai su yi iyo. Tunda muka bar gaci bakina bai daina aiki ba. Ina nuna wa yara ruwa ina cewa, "Ku zuba ido, ta baya yake fara fitowa."

Mun yi nisa kaɗan, mun zo daidai wata kwana mai ciyawa, sai ruwa ya motsa a hannun hagu. Wani baƙin abu ya taso, ga faɗin baya, ya yi wani irin huci har ruwa ya fantsama. Nana ta tafa hannu ta ce, "Ga shi nan! Baba, ga shi nan!"

Ni ba abin da na gani ke nan ba. Ajalina na gani. Na zabura na miƙe tsaye ina ihu, "Dorina! Dorina!" Kawu ya daka min tsawa, "Zamna, malam! Zamna!" Ina! Kwalekwalen ya karkata, na faɗi a kan gorar nan na rungume ta da hannu biyu, na runtse ido ina salati.

Hannu biyu, na ce. Wato na saki Bashir.

Ban ga faɗuwarsa ba, ƙarar kawai na ji. Sai ƙara ta biyu, wadda ta fi ta farko. Da na buɗe ido Rabi tana cikin ruwa da hijabinta, ruwan iya ƙirjinta, ta ɗago yaron sama yana tari yana neman numfashi. Kawu ya miƙa hannu ɗaya ya karɓe shi, ya kifa shi a cinyarsa yana bubbuga masa baya har ya amayar da ruwan da ya sha, ya tsala kuka. Ban taɓa jin sautin da ya fi wannan kukan daɗi ba.

Sannan na waiwaya. Dorinar tawa tana hawa gaci a hankali, ruwa na zuba daga ƙahoninta. Kawu ya bi ta da kallo ya ce, "Sa na. Shanun Fulani nan suka ƙetarewa kullum." Bai ƙara komai ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Har lokacin ina rungume da gorar. Ban ma san ina riƙe da ita ba sai da Nana ta matso, fuskarta duk hawaye, ta ce, "Baba, ai kai ka iya iyo. Me ya sa Mama ce ta shiga?"

Na sha jin kunya a rayuwata, amma duk sauran irin wadda ake ba da labari a yi dariya ce. Wannan a gaban surukina ne, da matar da ta jiƙe sharkaf tana rawar ɗari, da yarinyar da har yanzu take jiran in ba ta amsar da za ta wanke ni. Kuma wallahi wata sabuwar ƙaryar ta zo min har bakin leɓe (cewa ƙafata ce ta riƙe). Na haɗiye ta. Na ce, "Nana, ban iya iyo ba. Ban taɓa ganin kifin nan ba. Ko jirgin ruwa yau na fara shiga."

Ta ce, "To me zan ce wa 'yan ajinmu?"

Na ce, "Ki ce babanki ya yi ƙarya."

Haka muka koma gaci. A gidan Kawu matan gida suka ba Rabi zane ta sauya, aka shafa wa Bashir mai, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na kasa ci. Bayan azahar Kawu ya same ni a zaure ya zauna kusa da ni. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsoron ruwa ba laihi ba na, malam, mu ma muna tsoro nai. Amma da ka hwaɗa min tun bakin gaci, da ban ba ka yaro ba." Wannan maganar ita ta fi zama a raina har yau. Ba tsorona ne ya jefa ɗana a ruwa ba, ɓoye shi da na yi ne.

A mota Rabi ta rungume Bashir tun daga Argungu har Birnin Kebbi, ba ta ba ni shi ba, ni ma ban nema ba. Sai da aka kwana biyu ta yi min maganar, kuma gajeriya ce. Ta ce, "Ni ma da laifina, da na yi ta jin ka ina dariya." Nana kuwa ta daɗe tana auna duk abin da na faɗa mata. Ko ce mata na yi gobe akwai makaranta, sai ta leƙa ɗakin girki ta tabbatar a wurin mamanta.

Yanzu Bashir ya iya iyo, Kawu ne ya koya masa. Ni ma an gwada koya min, aka ga abin ba na yi ba ne, aka bar ni da gadin takalma a bakin gaci. Abin da na koya dai shi ne, uba ba ya mutuwa don ya ce bai sani ba. Na gwada, sau da yawa ma, ga ni nan da raina. Idan yaran suka kawo min tambayar da ta fi ƙarfina, sai in gyara zama, in yi gyaran murya irin ta manya, in ce, "Ku je ku tambayi mamanku."