Ranar da Manhajata Ta Rangaɗa Guɗa a Sanarwar Rasuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya gaban dattawan ƙungiyar manoman albasa a Talata Mafara, ina baje kolin manhajar da na haɗa musu. A ranar za su ce sun karɓa ko sun fasa, ni kuwa na riga na cika wa duk unguwarmu baki cewa aiki ya zama nawa.

Manhajar tana da shafuka da dama: na ranakun ban ruwa, na farashin kasuwa, da na sanarwar aure, suna da rasuwa. A lokacin na koyi wata dabara da ta kumbura mini kai. Maimakon ka rubuta abu ɗaya a kowane shafi, sai ka rubuta shi wuri guda, kowane shafi ya ɗauko daga can, kamar yadda babbar hanyar ruwan madatsar Bakolori ke shayar da kowace gona. Wallahi dabara ce mai kyau, har gobe ina alfahari da ita.

Sai na haɗa saƙo ɗaya da zai fito duk sanda mutum ya danna "Aika". Da shafin aure na gwada shi, don haka na rubuta: "Barka! Allah ya maimaita mana!" Ban tsaya nan ba (mai neman a yaba masa ba ya tsayawa). Na je na naɗi muryar Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, wadda guɗarta ke tsallake katanga uku, na ɗora a kai. Na jona shi da dukkan shafuka, na yi miƙa, na ce da kaina injiniya.

Da farko komai ya tafi daidai. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Garba, ya saka farashin buhu, waya ta yi guɗa, dattawa suka yi dariya. Na haɗa wayar da lasifika don na baya ma su ji. Ni na haɗa, da hannuna.

Sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "To Malam Isa, tunda ga mu, bari mu sa sanarwar rasuwar Baba, mutanen Bakura da Maradun su sani."

Malam Isa ƙanen marigayin ne, yana zaune a layin gaba, ko kwana bakwai ba a yi ba. Ina kallo Alhaji ya rubuta. Zuciyata ta gane abin da zai faru, amma na makara. Ya danna.

Gwaggo Ladi ta rangaɗa guɗa. Doguwa, har da ƙarin nan da take yi a ƙarshe. Alhaji kuma, da yake mutum ne mai karanta duk abin da ya gani da ƙarfi, ya karanta: "Barka... Allah ya maimaita mana."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Wagga ba muryar Ladi ta ba?"

Na durƙusa gaban Malam Isa ina ta bayanin shafuka da saƙo guda, bayanin da ni kaina ban fahimta ba a lokacin. Ya dube ni ya ce, "Tashi, ɗana. Yayana da shina nan, shi zai fara dariya. Amma ka hidda muna Ladi daga makoki."

Sai a sannan aka saki dariya, har da shi, yana share ido.

Sun karɓi manhajar, bisa sharaɗin in gyara. Ban rushe dabarar ba. Saƙon yana nan wuri guda, sai dai yanzu kowane shafi shi ke faɗa masa abin da zai ce. Na rasuwa yana cewa "Allah ya jiƙansa", babu ko tari. Na koyi cewa kafin ka ba kowa abu ɗaya, ka leƙa kowane gida ka ga abin da ake ciki.

Gwaggo Ladi ta ji labari, ta yi fushi da ni har sai da na kai mata turare. Alhaji Garba kuwa, duk inda muka haɗu, ko a jana'iza ne, sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Injiniya, ka dai kashe wayarka ko?"