Rasuwar Bubayero, Ɗan Aiken Dada

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Malam Hamma Gafasa, malamin aji uku a makarantar firamare ta Ajingi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gaya da Ajingi da Toranke da ƙauyukan da ke tsakani rasuwar babur ɗinsa, wanda aka fi sani da Bubayero. Ya rasu ranar Alhamis ta makon jiya da la'asar sakaliya, a bakin hanyar fita daga Gafasa, bayan doguwar jinya ta zafin inji. Ari mai gyaran babura na Gaya, wanda yake duba shi tun yana sabo, shi ya buɗe shi ya tabbatar da cewa babu sauran dabara. An jinkirta wannan sanarwa ne domin akwai wadda bai kamata ta ji labarin a bakin 'yan kasuwa ba.

Marigayin ya shigo gidan Malam a Gaya a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano. Ja ne, mai farin tanki, da madubi biyu waɗanda ɗaya kawai ya kai tsufa. Duk wanda ya san hanyar Gaya zuwa Ajingi ya san ba hanyar raggo ba ce: da rani rairayi, da damina taɓo. Bubayero ya bi ta safe da yamma ba tare da ƙorafi ba. Ya ɗauki akwatunan alli, ya ɗauki buhun gyaɗa, ya taɓa ɗauko ungozoma daga Toranke tana salati tun daga hawa har sauka. Shekarar da aka canza hannun tuƙi ya koma dama ba gardama, ko da yake a hanyar Ajingi tsakiya kowa ke bi, kafin canjin da bayansa.

Amma abin da aka fi yabonsa da shi shi ne silo, wato numfashin da inji ke yi idan yana tsaye a kunne ba wanda ya taɓa totur. Akwai wani ɗan sukuru a jikin kafireto wanda shi ke tsara wannan numfashi. Idan an sassauta shi da yawa inji ya yi ta karkarwa yana mutuwa, fulogi ya yi baƙi. Idan an ɗaure shi da yawa inji ya yi ta haki a tsaye kamar wanda aka koro. Ari ya ajiye na Bubayero a tsakiya, Malam kuma bai yarda kowa ya kai masa hannu ba. Shi ya sa idan ya tsaya sai ka ji tuf, tuf, tuf, a natse, kamar dattijo yana amsa gaisuwa.

Wannan murya ita ta sama masa babban aikinsa na duniya, kuma dole a yi bayaninsa domin waɗanda ba su san gidan ba. Malam Hamma ɗan fari ne. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, Bafillatana ce ta asali, mai riƙe da kunyar ɗan fari yadda ta same ta wurin iyayenta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa fuskantarsa da magana ba. Kakarsa ce ta goye shi. Da ya girma, idan akwai saƙo ƙannensa ke kawowa. Sai ƙannen mata suka yi aure, mazan suka bi shanu kudu, mahaifinsu ya rasu, ya zama ba wanda zai ɗauki magana daga bakin ƙofar ɗakin Dada ya kai ta tsakar gida. Kowace Alhamis idan an tashi makaranta Malam yakan ratse Gafasa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, ya yi gaisuwa. Dada ta gyaɗa wa bango kai. Su zauna suna sauraron kaji, har ya tashi ya tafi.

Ranar da ya fara kai babur ɗin gida bai gama iya tayar da shi ba, don haka ya turo shi har tsakar gida ya bar shi a kunne, kada ya ji kunya a gaban mutane wajen tafiya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kullum. Dada ta karkata kai ta saurara, sannan ta dubi babur ɗin.

"Kai kuma wane ne, da kake gunaguni tun ba a ba ka wurin zama ba?"

Babur ya ce tuf, tuf, tuf. Dada ta yi dariya, ta ce wannan ai Bubayero ne ya dawo, wani taubashinta mai yawan surutu da ya rasu tun tana amarya. Ta yi masa ba'a son ranta, ta ce ga ja kamar gauta ga warin mai. Daga nan sai ta sassauta murya.

"To Bubayero, ka ce wa mai hawanka ya rame."

Malam yana da shekara kusan arba'in a lokacin, da furfura a gemu, amma ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya ce wa babur ɗin ya gaya mata hanya ce kawai, lafiyarsa ƙalau.

Tun daga ranar Bubayero ya zama ɗan aike. Ta bakinsa Malam ya ji abin da mahaifinsa ya faɗa a kwanakinsa na ƙarshe. Ta bakinsa ya ji sunayen shanun da suka faɗi a shekarar fari, ɗaya bayan ɗaya, da wadda Dada ta fi jin zafinta. Ta bakinsa ya sha faɗa lokacin da suka sami saɓani da matarsa Baiwa, faɗan da ya koma Gaya yana murmushi saboda shi, har Baiwa ta ɗauka raina ta ya yi. Sau ɗaya, lokacin da mai ya yi wuya, ya kashe injin a tsakar gida, sai Dada ta ja bakinta ta rufe har ya tafi. Daga baya ta ce wa maƙwabciyarta Kadijatu ai ba a hira da mai barci. Bai sake kashewa ba.

Ciwon ajalin marigayin ba a jikinsa ya fara ba, a kunnen Dada ya fara. Jinta ya yi ta raguwa, har ya zama tana soma magana sai ta dakata ta kasa kunne, ta ji shiru, ta fasa. Ta gaya wa Kadijatu cewa Bubayero ya yi girman kai irin na mutanen birni, ya daina amsawa. Malam ba shi da halin tsayawa ya riƙe totur, domin ba a gaishe da uwa a tsaye. Ya gwada aro babur ɗin abokin aikinsa Malam Inuwa, mai ƙara kamar injin niƙa, Dada ta ja mayafi ta juya baya, don ba ta hira da baƙo.

Sai ya tafi rumfar Ari. Babu wanda ya koya wa ɗan'uwansa komai a cikinsu ranar, duk sun san zancen. Injin irin wannan iska ce ke sanyaya shi, iska kuwa sai ana tafiya. Idan ya daɗe a tsaye yana haki, zafi ya taru a kansa, baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe, fistin da ringi su yi ta zaizayewa. Ari ya daɗe yana juya sukundireba a hannu.

"Malam, zan murɗa sukurun in ɗaga silon. Amma kwanansa muke ragewa."

"Na sani, Ari. Murɗa."

Ya murɗa kaɗan. Alhamis ɗin da ta biyo baya Dada ta ɗaga kai ta ce ashe mai fushi ya huce, ta yi hira har rana ta yi sanyi. Bayan wasu watanni kunnen ya ƙara nauyi, aka ƙara murɗawa. Aka sake ƙarawa. Daga baya Ari ya ba Malam ƙaramar sukundireba ya riƙa sawa a aljihu, ya ɗaga silon idan ya isa Gafasa, ya mayar idan zai tafi, don kada injin ya wahala sauran kwanakin mako. Hakan ya taimaka, amma ɓarnar a tsakar gidan nan take faruwa, inda ba iska sai ta bakin Dada. Tuf, tuf, tuf ɗin nan na dattako ya koma tarrr mai tsawo, kamar mai roƙon a sallame shi.

An yi jinya iyakar iyawa. Ana canza masa baƙin mai tun bai yi baƙi ba. Ana ajiye shi a inuwa, fuskarsa wajen da iska ke shigowa. Baiwa, wadda ta yi shekaru tana mitar cewa da damina babur ke kwana a ɗaki ita tana raɓe, an gan ta a Gafasa a tsugune tana yi masa fifita da mafici. Duk da haka ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, ya fara tari da safe, ya kasa rairayin da dā yake ratsawa da mutum biyu. Ari ya canza masa ringi sau ɗaya, ya ce jikin ba zai karɓi na biyu ba.

Ranar da zai rasu Dada ta tashi da zance a bakinta. Ta ba Bubayero labarin ranar da ta haifi mai hawansa a ruga, yadda surukarta ta karɓe shi tun bai bushe ba, yadda ta riƙa kau da kai idan an wuce da shi don kada a ce ba ta da kunya, da yadda takan faki idon mutane idan sun tafi kiwo ta je ta ɗaga zanen da aka lulluɓe shi ta ƙirga yatsunsa. Malam yana durƙushe yana jin ƙaurin mai yana tashi, yana jin wani ƙas, ƙas, ƙas a ƙirjin injin wanda bai taɓa ji ba. Taku kaɗan ne tsakaninsa da makulli. Bai tashi ba, domin ba ta gama ba. Da ta gama ta sallame su, marigayin ya daure ya fitar da maigidansa daga gari, ya wuce rumbunan ƙarshe, sannan ya yi ƙara ɗaya ya tsaya. Malam ya taka kiki don ya tayar da shi, ya ji shi kamar dutse.

Kwana biyu bayan haka Malam ya sauko da tsohon kekensa daga rataya ya tafi Gafasa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa. Dada ta duba bayansa ba ta ga kowa ba, ta gyaɗa wa bango kai. Suka saurari kaji kamar shekarun baya. Wannan shirun ya fi masa mutuwar injin ciwo. Ya roƙi Kadijatu ta faɗa mata Bubayero ya rasu, Kadijatu ta faɗa mata da ƙarfi a kunne. Dada ta ce a kawo mata shi.

A amalanke suka kai shi, Malam da Ari. Suka sauke shi daf da bakin ƙofarta, kusa fiye da inda ya saba tsayawa. Dada ta miƙa hannu ta dafa tankin, ta ji shi da sanyi. Babu ƙarar da za ta rufe muryarta ranar, kuma Malam ya ji ta ƙarama ce ƙwarai, ba kamar yadda ya zata ba.

"Ka sha wahala da mu, Bubayero. Huta." Hannunta na nan a kan tankin. "Amma ka ce masa ya riƙa zuwa. Ko ba ka amsa ba, zan riƙa ba ka saƙo."

Marigayin ya rasu ya bar Dada, da Malam Hamma, da Baiwa wadda ta sami fili a ɗaki kuma ba ta ji daɗinsa ba. Ya bar Ari, wanda har yanzu bai yarda ya karɓi sukundirebarsa ba. Ya bar tsohon keke da aka dawo da shi bakin aiki bayan ya yi ritaya, da fanfon iska, da madubi ɗaya.

Game da sutura, Malam ya san ƙarfe ba ya bukatar salla, don haka addu'ar da za a yi ta neman lafiya ce ga Dada. Ranar Alhamis mai zuwa bayan an tashi makaranta za a wanke marigayin da kananzir da ruwa, Ari zai tsiyaye sauran man da ke cikinsa, a lulluɓe shi da zanen saƙi da Dada ta bayar. Ba za a rufe shi ba, ba kuma za a raba shi ba. Waɗanda suka aiko suna tambayar tayoyi da fitila, an gode, su yi haƙuri. Makwancinsa wata 'yar rumfa ce da aka kafa a bakin ƙofar Dada, inda hannunta zai kai.

Za a karɓi gaisuwa a gidan a Gafasa bayan sallar la'asar, akwai fura da nono. Ana roƙon masu zuwa a kan babur su kashe inji tun daga tsamiyar bakin gari su turo da hannu, domin ƙarar inji ita kaɗai kunnen Dada ke kamawa yanzu, kuma idan ta ji takan gyara zama. Wanda kuma ya iso ya tarar da Malam a durƙushe, Dada tana magana hannunta a kan tanki, ya dakata a zaure har ta gama.